Haƙoran da Ba Su Haɗu Ba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yaran Yaya. Yaya gwiwar nan taka? Ina fatan ka daina kwanciya ƙarƙashin motocin maƙwabta kamar yadda likita ya ce, ko da yake na san ba ji za ka yi ba.

Ka yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya, da hagu nake yi. Surukarka ta so ta rubuta min, na ƙi. A waya an ce muku na ji ciwo a wurin aiki. Gaskiyar magana, hannuna na dama ya tafi tun daga wuyan hannu, kuma ni da tuƙin jirgin sama sai dai kallo. Ka san yadda za ka lallaɓa ka gaya wa Inna.

Kai za ka fi kowa gane abin da ya faru, tunda a garejinka na fara riƙe sifana. Ƙaramin jirgin da nake ɗauko marasa lafiya da shi daga ƙauyuka, injinsa ɗan'uwan na mota ne. Bayan farfela akwai filawil, faranti mai haƙora, kuma ƙaramin giyan sitata ne ke kama shi ya juya injin. Irin wannan filawil kala biyu ne: mai haƙora ɗari da arba'in da tara, da mai ɗari da ashirin da biyu, kowanne da sitatarsa. Namu mai ƙananan haƙoran ne, na farkon.

Da sitatarmu ta ƙone, shugaban makanikanmu, wanda muke kira Ba-Damuwa saboda ita ce amsarsa ga kowace tambaya, ya cire wata daga mataccen jirgi a bayan rumfar jirage ya ɗaura. Tun tashin farko na ji tana gurza kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa. Na same shi yana shan shayi na gaya masa. Ya yi dariya ya ce sababbin ma'aurata ne, za su saba da juna.

Ba su saba ba, Baba. Ranar da na sauka a wani ƙaramin asibitin ƙauye don ɗauko wata mata da naƙuda ta yi wa gardama, na murɗa makulli, sitata ta yi ta kuka a banza, ta riga ta cinye haƙoran. Matar tana kwance a bayana tana nishi, mijinta yana riƙe da ita. Na sauka, na tokare tayoyi da duwatsu, na kama farfela in tayar da injin da hannu. An yi ruwa, ƙasa da santsi. Injin ya kama a daidai lokacin da ƙafata ta zame.

Ka gaida Inna, ka ce ina cin abinci sosai.

Ɗanka,
Auta

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka da kyau, Baba, da Inna da kowa na gida. Na ji daɗi da jin gwiwar ta yi sauƙi. An sallame ni, ciwon yana warkewa, sai dai har yanzu nakan ji ƙaiƙayi a yatsun da babu su.

Na karanta nasiharka, cewa in bar wa Allah, in yafe. Ban taɓa musa maka ba, amma wannan karon ka yi min uzuri. Da sakaci kawai Ba-Damuwa ya yi, da wataƙila na haɗiye. Ina kwance ana ƙara min jini, shi kuma ya shiga mota ya tafi ƙauyen, ya cire filawil da sitatar, ya ɗaura sababbi da suka dace, aka dawo da jirgin. Sannan ya gaya wa masu bincike na hukuma cewa ni ne mai gaggawa, na saba danne makulli har ƙarfe ya ƙone, kuma ya sha yi min faɗa. Ya zo duba ni da ledar lemu, ya tsaya a kaina yana cewa ƙaddara ce. Na bar lemun a wurin har ya ruɓe.

Mai kamfanin ya aiko a ce min akwai kujera a ofis tana jirana, in dai na bar maganar ta mutu. Ban amsa masa ba.

Matar nan an kai ta asibiti a mota, a kan hanyar da ko babbar mota tana jin tsoro. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Mijinta maƙeri ne, ya neme ni har gida don ya yi min jaje. Muna zaune a falo ya ce shi da malamar jinya sun ga makanikin ya jefa wasu ƙarafa a rami bayan asibitin ƙauyen, shi kuma maƙeri ba ya ganin ƙarfe ya wuce. Ya buɗe buhu a kan kafet ɗin surukarka. Baba, ga filawil, haƙoransa a gefe guda sun zama kamar bakin tsohuwa, ga sitatar da manyan haƙoranta. Na sa surukarka ta riƙe, na lissafa haƙoran da hagu har sau biyu, ba su dace da juna ba. Tun da abin ya faru ban yi dariya ba sai ranar, har ta tsorata.

Ba zan taɓa lafiyar makanikin ba, ka kwantar da hankalinka. Lasisinsa nake so, da sunan da yake tinƙaho da shi a rumfar nan. Yadda nake farkawa kullum in tuna ba ni da sana'a, haka nake so ya riƙa farkawa.

A gaida Yaya, a ce ta daina kuka a waya.

Ɗanka,
Auta

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Yaya yara da makaranta? Mu nan lafiya lau. Na koyi ɗaura maɓallin riga da kaina.

An yi zaman bincike a ɗakin taro na saman rumfa, inda taga ke kallon jiragen. Na bar Ba-Damuwa ya gama bayaninsa tsaf, ya rantse cewa kayan da ya ɗaura tun farko daidai suke, ya ƙara da cewa yana tausaya min. Sai maƙerin ya shigo da buhunsa, malamar jinya a bayansa. Aka shimfiɗa jarida a kan tebur aka ajiye ƙarafan. Na roƙi shugabar kwamitin, injiniya ce da ta san aikinta, ta sa shi ya haɗa giyan da filawil da hannunsa, kowa ya gani.

Ya ɗauka. Ya juya ta nan, ya juya ta can, haƙori yana hawa kan haƙori. Gumi ya jiƙa masa kwala. Ƙarfe yana ta ƙara a kan ƙarfe. Na ce masa, "Ka ba su lokaci, za su saba."

Makanikai biyu da ke ƙarƙashinsa, da suka ga ta faɗi, suka buɗe baki suka ce sun gaya masa tun ranar farko, ya ce su kama gabansu. An ƙwace lasisinsa, an miƙa maganar ƙaryar da ya yi ga kotu. Ta taga na kalle shi yana tura akwatin kayan aikinsa zuwa ƙofa, ba wanda ya kama masa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji sanyi har cikin ƙashina.

Jiya ya zo gida tare da wani dattijo, kawunsa, neman afuwa. Na bar su suka shigo saboda furfurar dattijon. Ya yi ta magana a kan 'ya'yansa da shekarun da ya yi yana aiki, bai ambaci jaririn mutane ko sau ɗaya ba. Da ya gama ya miƙo min hannu mu gaisa, wai komai ya wuce. Na naɗe hannun rigata, na miƙa masa dungun. Na riƙe shi a gabansa ban sauke ba, shi kuma ya kasa taɓawa, ya kasa janye nasa, har sai da kawun ya ja shi suka fita.

Na san za ka ce ba haka ka rene ni ba. Ka ci gaba da yi min addu'a, wataƙila wata rana zuciyar ta sauko. Yau dai ba ta sauko ba.

Surukarka tana gaishe ku. A gaida Inna da kyau.

Ɗanka,
Auta