An Binne Rubutun Baba

Zuwa ga Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka? Yaya Inna Hajo da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan Lafia kowa lafiya, sai dai labarin ba daɗi.

Tsohon ofishin bakin kasuwa, inda Baba ya yi magatakarda, an mai da shi siton riɗi. Da za a koma sabon gini, leburori suka kwashe takardun boko. Na ajami kuwa, da suka ga Bisimilla a kan kowane shafi, sai suka ɗauka ayoyi ne, suka haƙa rami a bayan ginin suka binne su. Sai da damina ta wuce na ji.

Na tambayi helumansu, wato shugaban leburorin, ya ce, "Haba Malam, sunan Allah ne fa. Mu bar shi ɓera ya taka?" Na kasa yi masa faɗa.

A cikin takardun akwai takardar iyakar gonarmu ta Arikya, ga shi maƙwabcinmu ya kai ƙara gaban alƙali, wai rabinta nasa ne. Jiya na sa aka tone ramin. Gara ta cinye su. Guntun shafi ɗaya na samu, babu komai a kai sai Bisimilla da rubutun hannun Baba.

Cikin waɗanda suka ga kafa iyakar, kai kaɗai ka rage. Za a zauna bayan Sallah. Ka daure ka zo, ko da sanda.

A sa mu cikin addu'a. Gai da mutanen gida duka.

Ƙaninka,
Sule