Rumbun da Aka Duba da Magariba

Zuwa ga Yayana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da iyali kuna lafiya a can ƙasar sanyi, ƙanwarka Nafisa ce, daga ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Abu Hujar. Na kira ka har na gaji, na bar saƙo ba amsa, shi ya sa na kawo maganar nan inda mutane za su gani. Ba zan ambaci sunan kamfaninku ba. Amma raina a ɓace yake, ba kuma zan ɓoye maka ba.

Kai ka samo mini aikin nan lokacin da yaƙi ya koro ni daga Khartum na dawo ɗakin Inna, ni da kwamfutata da ƴan kayan sawa. Ku kuna zana ƙwaƙwalwar da za a saka cikin wayoyi masu araha. Ni kuma aikina in tabbatar, da hujjar lissafi, cewa babu wata hanya da manhajar ɓarawo za ta bi ta kai ga makullin sirrin mai waya.

Ranar farko na ce maka ban ga bambancin wannan da gwaji ba. Ka yi dariya, ka ce in tuna rumbun Inna.

Na tuna. Duk shekara kafin a zuba dawa sai ta zura ka ciki da rana tsaka, ta rufe bakin da tabarma. Duk inda haske ya leƙo sai ka soka kara, ita kuma ta bi ta waje tana liƙewa da laka. Ka ce mai gwaji zuba dawa yake yi ya zauna jiran ɓera, in bai zo ba ya ce rumbu lafiya. Mai hujja kuwa ciki yake shiga ya ga kowace ƙofa, har wadda ɓera bai gano ba tukuna. Da wannan bayani naka na koyi sana'ar nan.

To, Yaya, na shiga rumbunku, na kuma ga haske. Idan waya ta mutu farat ɗaya tana tsakiyar aiki da makullin, sannan ta sake tashi, makullin yana nan zaune inda ba a goge shi ba, kowace manhaja tana iya miƙa hannu ta ɗauka. Kwamfuta ta zayyano hanyar daki-daki, na tura muku.

Ina jiran gyara, sai na ga an ƙara sharaɗi guda a cikin lissafin: wai a ɗauka waya ba za ta taɓa mutuwa a wannan gaɓar ba. Nan take jan da ke allo, alamar akwai ɓaraka, ya koma kore. Na duba wanda ya amince da sharaɗin, na ga sunanka.

Waya ba za ta mutu ba? Ka manta da wayar Kawu Sale, wadda batirinta ya kumbura har sai da ya ɗaure ta da roba? Ko tari ya yi da ƙarfi sai ta ɗauke. Madatsar ruwa ta Rusairis tana nan sama da mu, amma kahraba, wutar lantarkin nan, sai ta ga dama take leƙo mu, mutane na caji da batirin mota da duk abin da ya samu. Irin waɗannan hannuwan wayarku za ta faɗa. A cikinta akwai hotunan ƴaƴansu, da saƙon da ke cewa wane ya ɓuya a gari kaza. Ka san abin da irin wannan saƙo yake jawo wa mutum a shingen hanya yanzu.

Na sani masana'anta na jiranku, na sani an matsa maka. Amma kai ka gaya mini manhaja ake gyarawa daga nesa, ƙwaƙwalwa kuwa in an ƙera ta an ƙera ke nan, da raminta za ta shiga aljihun mutane.

Akwai shekarar da ka tafi su a kogi ka dawo rana ta faɗi. Ka faɗa rumbun da sauri, ka fito kana karkaɗe riga, ka ce ko ɗigon haske babu. Inna ba ta ko ɗago daga tankaɗenta ba. Ta ce, “Ai ba ka yi ƙarya ba, ya walad, ɗana. Amma rana ta tafi gidansu, mi za ka gani? Gobe ka koma.” Washegari ka koma, karan da ke hannunka bai ishe ka ba. Ina tsaye ina yi maka dariya, ka jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Ba na jin ka zama mugu, Yaya. Gajiya ce da tsoro, na san muryarka in suka kama ka. Kai ne ka goya ni ka tsallaka da ni ruwa shekarar ambaliya, kana ce mini in rufe ido. A wannan karon ba zan rufe ba.

An turo mini takardar da zan sa hannu cewa an tabbatar. Ban sa ba. Na cire sharaɗin, allon ya koma ja, haka na mayar wa shugabanninku da shi yau da hantsi. Wataƙila aikin ya tafi, alhali shi ke ciyar da gidan nan. Wannan zan iya ɗauka. Shirunka ne yake ci mini rai.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya sassauta maka abin da ya danne ka, Ya kuma hana a cuci wani bawa ta hannunmu.

Rumbun yana nan bayan ɗaki, Yaya, rana kuma ba ta faɗi ba tukuna. Ka koma.

Ƙanwarka da ke jiran kiranka,
Nafisa