Kwanukan Dubiya

Kilomita Biyar, Bangi
Yuni 1996

Zuwa ga 'yata Zulaihat, a Garwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Ki yi haƙuri da rubutuna, har yanzu layin gangarawa yake yi kamar lokacin da kike koya mini kafin bikinki. Audi direba zan ba wa takardar, in sojoji sun buɗe hanya.

Jikin babanki yana nan yadda kika ji. Tun ranar da sojoji suka yi bore aka fasa kasuwa, aka kwashe shagon atamfarsa, ya dawo gida ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin damansa bai sake motsi ba. Magana ba ta fita. Ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, ni ke kai shi bayan gida. Abinci kuwa, in ya haɗiye 'yan cokulan kunu sai in gode Allah.

Mutanen unguwa ba su gaza ba. Kullum kwanukan dubiya na shigowa: farfesun Hanifa maƙwabciyarmu, fura daga gidan liman, gozo, tuwon rogon nan, da miyar ganyen rogo daga matar mai gyaran rediyo, wadda ko Hausa ba ta ji. Kin san halinmu a nan. In kwano ya koma a wanke, sai a ce alhamdulillahi, mara lafiya yana ci. In ya koma da abincinsa, an gama magana. Kin tuna Malam Alhasan? Matarsa ta mayar da kwano a cike, washegari maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida suna zaman jira, shi kuwa yana ciki yana jin muryoyinsu. Babanki kunnensa ƙalau yake. Ba zan bari ya ji ana jiransa ba.

Shi ya sa ni nake cinyewa. Da farko don kwanon nake yi. Yanzu kuma ban sani ba. Da na ji harbi, sai in ga hannuna a cikin kwano, ban san lokacin da na buɗe ba. Ba yunwa ba ce, Zulai. Wani abu ne ke tokare mini ƙirji, ba ya sauka sai na danna shi da loma. In kwanukan sun ƙare, in leƙa ƙofa in sayi makala, fanken nan, mai zafi, in ci a tsaye a bayan madafa. Zanina ya daina haɗuwa.

Ki kula da kanki, kada ki ɗauki abu mai nauyi. Allah ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki, Ummuhani

Garwa
Satumba 1996

Zuwa ga Innata.

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina tambayar jikin Baba, Allah ya ba shi sauƙi. Takardarki ta iso, na karanta na yi kuka, mijina ya ce kukan ba zai buɗe hanya ba. Da cikin nan ba zan iya bin babbar mota ba, kin sani.

Inna, ba zan ɓoye miki ba, maganar ta riga takardarki zuwa. Gwaggo Hureira ta tare Audi a tasha, ta ce ya gaya mini ƙaninta ya zama ƙashi da fata, matarsa kuwa ta yi kumatu kamar amarya. Ta ce har a ƙofar Masallacin Koudoukou ana zancen. Na san sharri take nufi da shi, amma wanda bai san tushen abin ba idonsa zai gaskata.

Don Allah ki daina. Ki riƙa juye abincin, ki ba yaran unguwa, ki wanke kwanon ki mayar, wa zai sani? Kuma ki je dispanser a auna ki. Ke kaɗai Baba yake da ita, in kin kwanta wa zai ɗaga shi? Ban faɗa don raini ba, Inna, tsoro nake ji.

Ki gaida Baba a kunnensa, ki ce ina yi masa addu'a. Na bar ki lafiya.

'Yarki, Zulaihat

Kilomita Biyar
Disamba 1996

'Yata Zulaihat,

Assalamu alaikum. Barka da sauka, Allah ya raya mana Siddiq. Na gaya wa babanki ya sami aboki, idonsa ya kawo ruwa.

Kin ce in ba yara. Kin daɗe da barin unguwar nan. Kowace mace ta san hannun 'yar'uwarta a miya. In yaro ya fita da ƙashin farfesun Hanifa a baki, kafin la'asar Hanifa ta ji.

Dispanser dai na je. Matar da ta auna ni ta ce jinina ya hau, ga suga ya fara, in ban rage jiki ba, zan kwanta kusa da maigidana. Na fito, na tsaya a hanya na sayi makala. Ki ga irin abin.

Sojoji sun sake tashi, wannan karon ya fi na baya. Wata safiya ina ɗaga babanki daga wurin wanka, numfashina ya ɗauke, gwiwata ta ƙi. Muka zube tare a kan siminti. Na kasa tashi, balle in tashe shi. Yana kwance cikin ruwan sabulu yana kallona, ni ina haki kamar saniya. A wurin na yi niyya. Da rana kwanon Hanifa ya zo, na ɗebi abin da zai iya sha, na ɗauki sauran da kaina na kai mata. Na ce ba ya ci, Hanifa, tun damina ba ya ci, ku daina wahala.

Washegari maza suka shimfiɗa tabarmi. Kafin azahar gwaggonki ta iso daga unguwar Yakite da 'ya'yanta da amalanke. A tsakar gida, gaban mata, ta ce: "Ashe duk watannin nan rabon ɗan'uwana kike ci, kina aiko mana da kwano a wanke." Na dubi jikina. Ta ce ita ce babba, a ɗakinta za a yi jinyarsa. Ba wanda ya ce mata a'a.

Da suka ɗora shi a amalanken, ya kama bakin zanina da hannun hagu. Sai da babban ɗanta ya ɓamɓare yatsunsa.

A shimfiɗarsa nake rubuta miki. Akwai sauran tuwo a tukunya, tun ɗazu muke kallon juna. Ki yi mini addu'a.

Mahaifiyarki, Ummuhani

Kilomita Biyar
Cikin azumi, 1997

Zulaihat,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina Siddiq, ya fara gane mutane?

Gwaggonki ta aiko in zo, ba don ta huce ba. Babanki ya ƙi buɗe wa kowa baki. Yanzu kullum da safe nake takawa Yakite da ƙafa, in wuce shingen sojoji, su tambaye ni da yaren Sango ina za ni, in ce wurin mijina. In wanke shi, in ba shi kunu, kafin dokar hana fita in dawo. Kwana ne ba a yarda in yi ba. Da farko sai na zauna a bakin gada na huta. Yanzu ba na zama.

Azumin nan ya nuna mini abin da ban sani ba. Yunwa a ciki take, tana da haƙuri, tana jiran magariba. Wancan na ƙirji ba ya jira, kuma abinci ba ya kashe shi, kwantar da shi kawai yake yi. In harbi ya tashi yanzu, hannun babanki nake kamawa in yi ta murza yatsun da suka mutu har ya lafa. A gida kuma in ɗauki taɓarya. Na daka geron da ba wanda zai sha. Ƙaramin kwanonki na yarinta na ɗauko, a ciki nake buɗa baki, in ya ƙare na wanke. Ba kullum nake cin nasara ba. Jiya na ci makala na yi kuka. Amma zanina ya haɗu har ya zarce, kuma ina ɗaga babanki ba tare da haki ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A Yakite ma kwanukan dubiya na zuwa, kuma a wanke suke komawa. Gwaggonki tana gaya wa mutane tun da ya baro hannuna yake ci. Ni da nake ba shi na san abin da ke wucewa maƙogwaronsa. Shekaranjiya wani abu ya fashe kusa, har kwanon rufi ya girgiza. Na shiga madafa ɗibar ruwan zafi, na same ta a bayan ƙofa, tana tura dankali a baki da hannu biyu, idonta a rufe. Ciwon ciki ya hana ta azumi, wannan ba laifi. Amma na san wannan tsayuwar, Zulai. Tawa ce.

Na ce: "Yaya, ba ya ci. Ki bar ni in mayar da shi ɗakinsa, ba wanda zai ji komai daga bakina."

Ta goge baki da gefen mayafi, ta ce: "Yana ci."

In ta yarda ba ya ci, ta yarda abin da ta faɗa a tsakar gidana zalunci ne. In na fita na faɗa, za a ce ramuwa nake yi. Shi kuma duk la'asar in na miƙe, zanina yake nema da hannu.

Ki sa shi a addu'ar goman ƙarshe. Na gaishe ku duka.

Mahaifiyarki

Kilomita Biyar
Bayan ƙaramar salla

Zulaihat,

Salamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babanki ya rasu ranar Talata a Yakite, ina kan hanya ban iso ba. Bai sake ganin ɗakinsa ba.

Matan da suka ce na cinye rabonsa su ne yanzu ke shafa kafaɗata suna cewa dubi yadda ta rame, wannan ita ce matar kirki. Gwaggonki kuwa, sun ce baƙin ciki ne ya kumbura ta. Matar dispanser ta zo gaisuwa, ta ce jinina ya sauka, ta yi mini barka.

Na shiga takaba, kwanuka sun dawo, yanzu nawa ne. Nakan ɗiba a ƙaramin kwanonki, in mayar da sauran a fili. Duk mai son shimfiɗa tabarma ya shimfiɗa.

Na gwaggonki ma ya zo da safe. Yana bakin ƙofa, ban ɗaga murfin ba. 'Yarta ta zo karɓar kwano, na ce ta dawo gobe.

Ki shayar da Siddiq, ke ma ki ci. Allah ya jiƙan babanki.

Ummuhani