Akuyata Ba Ta Yarda Ba

Rana ta uku ga watan Targeliyon
Marmaron gindin gonarmu ya yi ja wur. Mai duba ya leƙa, ya ce jini ne, allahiyar ruwan ta yi fushi, farar akuya take so. Duk ƙauyen nan farar akuya ɗaya ce, Galena tawa, kuma nononta jikata ke sha. Na yi kuka.

Rana ta huɗu ga Targeliyon
Ƙanin mijina Teleson ya dawo daga birnin Miletos. Tun da ya fara zama da masu gardamar bakin kasuwa, ko gaishe shi ka yi sai ya ce "me ya sa?" Na ba shi labarin Galena, na ce masa ai ba a yi wa dabbar yanka dole, ruwa ake yayyafa mata a ka, in ta kaɗa kai ta yarda ke nan. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Matar yaya, wa za a zuba wa ruwa a ka bai kaɗa ba?" Na kore shi, mara kunya.

Rana ta biyar ga Targeliyon
Na gwada a kan jaki, ya kaɗa. Kaza ma haka. Mai gida na gyangyaɗi a gindin zaitun, na yayyafa masa, ya fi kowa kaɗawa. "Filinna, kin haukace ne?" Na ce, "Shi ke nan, ka yarda a yanka ka." Rabona da irin wannan dariya tun ina budurwa.

Rana ta shida ga Targeliyon
Gobe yanka. Teleson ya ce mu bi ruwan zuwa sama. Wayyo gwiwoyina! Ashe gefen tudu ne ya zabtare, jar ƙasa ta cika hanyar ruwan. Na ɗebo a tulu na ajiye, kafin yamma jan ya kwanta, ruwa garau a sama. Maza sun kwashe ƙasar.

Rana ta bakwai ga Targeliyon
Ruwa fes! Mai duba ya ce allahiya ta huce, zuma ma ta ishe ta. Galena ta cinye furannin da aka rataya mata na yanka.

Rana ta ashirin ga Targeliyon
Maƙwabciyata Nikaso ta shigo, wai inabinsu na bushewa, mai duba ya ce a yanka rago. Ni ban sauya ba, kullum safe ina zuba wa alloli rabonsu yadda uwata ta koya mini. Na dai ce ta ɗaure ragon tukuna, bari in je in tona gindin inabin in gani.