Katakon da Kawu ya haɗa min ya yi min nauyi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana goma ya rage min kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni gurgu ne, shan inna ta kama ni tun ina yaye. A Daura nake, ina gyaran waya a bakin kasuwa, sannan ina buga ƙwallon guragu. Ga wanda bai taɓa gani ba, a kan ɗan katako mai taya huɗu muke zama, mu sa silifas a hannu muna tura kanmu a kan siminti, da hannu kuma muke buga ƙwallon. Katakon nan shi ne ƙafarka, in ya yi nauyi kai ma ka yi nauyi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, kafinta ne, a hannunsa na tashi. Shi ya haɗa min katakona na farko don in riƙa zuwa makaranta ba da rarrafe ba, kuma har yau ban taɓa hawa na wani ba. Shi Kawu katakon icen maɗaci kawai ya yarda da shi. Ya ce maɗaci ba ya tsagewa, in ka ɗaure noti ya ɗauru ke nan, gara ma tsoronsa take. Gaskiya ya faɗa, na yi karo iri-iri a fili, nawa bai taɓa ko darewa ba. Amma nauyi gare shi, kafin a tafi hutun rabin lokaci kafaɗuna sun mutu.

Abokan wasana sun gwada abubuwa da yawa. Wani ya sa mai walda ya yi masa na farantin ƙarfe, yana gudu, amma da rana ta take sai ya riƙa ƙona masa cinya. Wani ya yanko robar duro, ba nauyi ko kaɗan, sai dai tana lanƙwasa, tayoyin su buɗe. Yanzu kusan kowa ya koma filawud mai kauri, wato siraran katakon nan da ake mannawa wuri ɗaya. Aibinsa in ruwa ya taɓa shi yana ɓarewa falle-falle, notin taya kuma yana sakewa, wata biyar shida sai ka sake wani. Amma wallahi tafiyarsa daban ce.

Watan jiya kocinmu ya ce za a je Katsina zaɓen 'yan wasan jiha, mu uku zai kai, har da ni. Ya ja ni gefe ya ce hannuna ya fi na kowa, amma katakon nan yana cin rabin guduna, in na je da shi kada in sa rai. Ranar na ari filawud ɗin abokina na gwada. Mutumin da kullum yake wuce ni, sau biyu ina barinsa a baya. Na dawo gida ina murna, kuma ina jin kamar na yi sata.

Ban kai ga faɗa wa Kawu ba, ashe shi ya riga ya ji maganar Katsina. Idonsa ya yi rauni, ya fi shekara bai karɓi aikin kowa ba. Sai ga shi ya sa an ciro wani tsohon maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, wai na ƙofar ɗakin kakanmu ne a Dutsi. Sati uku yana aikinsa da laluben hannu, ya yanke a yatsa bai fasa ba. Da ya miƙo min na ɗaga, ya fi wanda nake hawa ma nauyi.

Na ɗan gwada shi da magana, na ce Kawu yanzu fa yara filawud suke hawa. Ransa ya ɓaci, ya ce wannan takarda ce aka manna da gam, shi ba zai ɗora ɗansa a kan takarda ya tsage da shi a gaban jama'a ba. Ya yini bai kula ni ba. Koci kuma da na ce ko zan je da na Kawun haka nan, ya ce in ba da gaske nake ba akwai mai jiran gurbin. Shekaruna sun ja, in wannan ya wuce ni ba na jin zan sake samu.

Matata ta ce abu mai sauƙi, in haɗa filawud a ɓoye in shafa masa fenti irin na Kawu, tunda ba gani zai yi ba. Har na yarda, na sayi fentin. Jiya da yamma Kawu ya kira ni, ya ce ya sa an wanke babbar rigarsa, da shi za a je Katsina. Na ce Kawu ai filin da nisa daga wurin zama, ba za ka hango ni ba. Ya yi dariya ya ce, “Ɗan nan, ina ruwana da gani? Ƙarar maɗaci a kan siminti daban take. Kana wucewa zan san kai ne.”

To jama'a ya zan yi? In hau nasa in rasa gurbin, ko in hau filawud ya zauna yana kasa kunne har a tashi bai ji ni ba? In kuma gaskiya zan faɗa masa, da wane baki zan fara? Wanda ya taɓa shiga irin wannan da wanda ya raine shi, don Allah ya faɗa min yadda ya yi.