Ɗorin Ɗiyar Fari

Aliero, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Iyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa. Ya jikin naki, tarin nan ya lafa kuwa? Ya Inna da Baba da mutanen Liba baki ɗaya? Na rubuto ne don wayar gidanmu a aljihun Baba take kwana, ni kuwa kin sani, ko gaishe shi zan yi sai muryata ta maƙale. Direban motar albasa zai miƙo miki.

Kada ki yi dariya. An naɗa ni shugabar rukuninmu na aikin gona a nan jami'a. Ni Mardiyya, da kuke ce wa kurmar gida! Malaminmu ya ga yadda nake dashen albasa a fadamar da aka ba mu kusa da Gehuru, shi ke nan ya ɗora mini. Ya ce aikin shugaba bai tsaya ga rabon fangali ba, dole ya san halin da kowane ɗalibinsa yake ciki. Yawancin 'yan ajinmu 'ya'yan ma'aikata ne, tun suna goye suke jin labarin jami'a. Mu kuwa a zuri'armu ba wanda ya taɓa taka ƙofarta, balle ya gaya mini yadda ake yi.

Ga shi tun ba a je ko'ina ba an jarrabe ni. Khairiyya, 'yar rukunina, ta faɗo daga kabu-kabu muna dawowa daga fadama, ƙwaurinta ya karye. Har yanzu ƙarar ƙashin na cikin kunnena. Kawunta ya zo ya tafi da ita gidansu a Jega, an yi mata ɗori. Ki sa mu a addu'a, ke ma ki riƙa shan magani.

Ƙanwarki,
Mardiyya

Jega, ranar Alhamis

Yaya Iyatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi da sauƙi.

Na zo duba Khairiyya. Kowa a gidan na fara'a, ana ta cewa da sauƙi. Na same ta kwance a ɗakin kakarta, an lulluɓe ƙafar da zane. Ta yi mini murmushi, amma gumi na tsattsafo mata, leɓenta duk shatin haƙori. Da kakar ta fita alwala sai na ɗaga zanen. Yaya, yatsun sun kumbura, sun yi baƙi kamar albasar da ta ruɓe a rumbu. Na taɓa su, sanyi ƙalau, ita ba ta ma san na taɓa ba.

Mai ɗorin ya bar sallahu cewa in an ga ƙafar ta canza kama a kira shi maza. To wa zai gani? Khairiyya ɗiyar fari ce. Babanta bai leƙa ɗakin ba ko sau ɗaya. Innarta daga bakin ƙofa take tambayar kaka ya mai jiki, ta wuce da sauri. Kakar idonta ya yi rauni. Ita kuma Khairiyya ta gwammace ta ciji leɓe da a ce ta aika wa iyayenta kuka. Kowa na sonta, kowa na jin kunya, ƙafa kuma na mutuwa a ƙarƙashin zane. Ke kin fi ni sanin wannan, ke ma ɗiyar fari da Baba bai taɓa kama sunanki ba.

Na gaya wa kakar, ta ce ba a kwance ɗori sai da izinin maigida. Kawun ya tafi kai albasa kudu. Na kira 'yan rukuninmu, Muhsin ya ce shi ba zai tsoma baki a sha'anin gidan mutane ba. Sauran suka ce wai ai ni ce shugaba. Na ce to, shi Muhsin ya nemo mota ta tsaya ƙofar gida, Iklima kuma ta zo ta zauna wurin mai jiki. Abin mamaki, ba wanda ya yi mini musu.

Yanzu ina zaune a tsakar gida, ina jiran baban ya dawo daga kasuwa, wayarsa ba ta shiga. Dole in shiga zaure, in durƙusa gaban dattijon da ban taɓa gani ba, in yi masa maganar ɗiyarsa ta fari. Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron ya kore ni, ya ce ɗiyar wa ce wannan marar kunya. Na fi tsoron in isa gabansa muryata ta ƙi fita.

Taki,
Mardiyya

Aliero, ranar Talata

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da su Inna kuna lafiya. Direba ya ce ya gan ki a ƙofar gida kin rame, hankalina bai kwanta ba.

Na shiga zauren. Baban Khairiyya na zaune da abokansa, na durƙusa. Na fara kewaye-kewaye, ina cewa mai jiki, ina cewa ta ɗakin kaka. Ya kau da kai, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ci gaba da hirarsa. Na ga in na miƙe a haka, an gama. Sai kawai na ji bakina ya faɗi sunanta da ƙarfi. Na ce Khairiyya za ta rasa ƙafarta, kuma ba zan tashi daga wurin ba sai ya zo ya gani da idonsa. Wani tsoho ya daka mini tsawa, ni kuwa hawaye na zuba amma ban motsa ba.

Baban ya tashi, ko takalmi bai sa ba. Da ya ɗaga zanen ya daɗe a tsaye. Sannan ya duƙa ya kira sunanta, a hankali, kamar mai koyon magana. Khairiyya da ta daure duk azabar nan ba ta yi ko tari ba, a nan ta fashe da kuka. Shi da kansa ya ɗauke ta zuwa mota.

A asibitin Birnin Kebbi an cire mata yatsu biyu, amma ƙafar ta tsira. Likita ya ce da an ƙara kwana, daga gwiwa za a yanke. Yanzu mun raba zuwa jinya a tsakaninmu, har Muhsin na tambayata ranar da zan tura shi.

Yaya, tarin nan naki tun damina yake. Inna daga nesa take tambaya, Baba kuwa bai taɓa tambaya ba, ke kuma kullum da sauƙi. Ina zuwa gida ranar Juma'a. Har yanzu in na tuna fuskar Baba gabana faɗuwa yake, kuma na san za ki ce in rufa miki asiri. Ki yafe mini tun yanzu, don zan durƙusa gabansa in faɗi sunanki.

Ƙanwarki mai sonki,
Mardiyya