Nomau, An Ba Kumandan Takenka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Mati, Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi, zuwa ga taubashina Nomau ɗan Gwaggo, duk inda ƙafa ta aje ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka, in dai akwai wanda ya haɗa akushi da kai ya tashi da rai. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Bana an samu ruwa, ba irin shekarun da suka kore ka ba. Gero har ya yi kai.

Ka yi haƙuri da rubutun, ajamin allo ne, ka san lakwal, makarantar boko, ba ta taɓa ganin ƙeyata ba. Kuma ba kai ɗaya ke karanta wannan takarda ba. Tun da ban san inda kake ba, kwafe ta na yi ta yi, duk direban kamyo, babbar motar kaya, da ya tsaya Mayahi ko Tasawa sai na liƙa mashi ɗaya. Wani ya ce ya gan ka Kano kana ga-ruwa, wani ya ce Legas, wani ya rantse ka haye Libiya. Asirinka zai bi tasha-tasha ke nan. Kai ka ja.

Nomau, an ba wani takenka.

Ka tuna gayyar gonar Baba Sanda, damina ta ƙarshe kafin fari? Ɗan Tambai makaɗin noma na biye da kai da ganga, kai kana gaba da hauya, ka bar samarin gari baya kamar awakin da aka ɗaure wa ƙafa. Ni kuwa ina gindin gawo ina gadin fura kada ƙuda su sha. A ranar ya yi maka take: Nomau na Tambara, rana ta gaji kai ba ka gaji ba. Shi ya ambaci sunan Gwaggo, ba ni ba. Ta yi guɗa har muryarta ta dishe.

Ka san yadda abin yake wurinmu. Take ba riga ba ce da za a ara. Wanda makaɗi ya yi wa, nashi ne har a kai shi makwanci. Sai bayan ranshi ake ba wani.

To, bayan tafiyarka noma ya tsaya, gayya ta tsaya, gangar Ɗan Tambai ta yi ta rataye beraye na gwada haƙori. Sai ya sauka Maradi. Can 'yan rediyo suka ɗauki muryarshi, yanzu ba teburin mai shayin da ba kasetinshi. Ya yi babbar riga, ya yi tumbi, a shekarar da ko kaji ba su da tumbi.

Ranar da Kumandan, babban sojan yankin, ya zo Mayahi rabon jar dawa ta taimako, Ɗan Tambai aka kira ya yi kiɗa. Bayan 'yan kwanaki rediyo ta sa waƙar. Muna teburin Idi mai shayi da hantsi sai na ji ganga ta ɗauko abin da na sani. Na ce ga Nomau nan. Sai na ji an cire sunanka an sa na Kumandan. Rana ta gaji kai ba ka gaji ba, wai ga mutumin da ko daga mota zai sauko sai an riƙe mashi lema.

Tun daga nan gari ya rabu biyu. Idi, wanda da ko sallama ba ya amsawa in kasetin Ɗan Tambai na juyawa, shi ya fara zaro zaren kaset ya rataya bisa ƙaya. Cewa yake makaɗin ya sayar da ganga a kan buhun dawa, kuma wanda ya sayar da taken mai hauya zai sayar da uwarshi. Hasan tela kuwa cewa yake duk mai zagin Ɗan Tambai ya fara amayo dawar da ya ci, don kafin waƙar kamyon taimako wuce mu yake kamar ba mutane, bayan waƙar ya tsaya ƙofar maigari. Wasu samari sun koma ga wani mai kukuma na Tasawa, wai shi bai taɓa yi wa soja waƙa ba. Na ce masu ai ba sojan da ya taɓa kiranshi. Saura kaɗan su cire mani haƙori.

Amma bari jandarma ya gitta. Nan take kowa masoyin Ɗan Tambai ne, har Idi na kaɗa kai yana buga kofi da cokali.

Ka san ni. Da safe ina wurin Idi in gaya mashi abin da tela ya ce, in ƙara gishiri. Da la'asar ina wurin tela in ƙara barkono. Na sha shayin banza, an ɗinke mani aljihu kyauta. Da abin ya tsaya nan, da ban ɓata tawada ba.

Gwaggo ta ji waƙar, Nomau.

Tana daka a tsakar gida, rediyon maƙwabta na bisa danga. Aka ce ta tsaya da taɓarya a sama har ganga ta ƙare, sannan ta jingine ta, ta shiga ɗaki. Da na je ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce mani kawai: makaɗi ba ya ba da taken mai rai, shi mai yawo ne, ya ji abin da ku kuke ɓoye mani.

Na rantse, na dafa Alƙur'ani. Ban zauna ba, na hau amalanke har Tasawa ranar kasuwa na samu Ɗan Tambai cikin mutanenshi. Da ya gane ni sai ya ja ni bayan rumfa. Ya ce bai ji komai a kanka ba, ko alheri ko akasinshi. Ya ce an ce mashi ya kaɗa abin da ya fi kowane daɗi a gangarshi, ga masu bindiga tsaye, sai hannunshi ya tafi ga naka. Maganarshi ta ƙarshe ita na riƙo maka: mai shi ya zo ya tsaya gabana da hauya, in maida mashi abinshi ko gaban wa. Ban san ko zai iya ba. Idi ya ce ƙarya ce, tela ya ce ka ji ɗan halak. Ni dai na ga bai iya duban idona ba.

Na kai wa Gwaggo wannan magana da zafinta. Ta dube ni ta ce, Mati, tun kana da haƙori biyu kake ƙarya. Ka ji ribar sana'ata. Rana ɗaya da na zo da gaskiya, ba mai saye.

Yanzu ta ce da an yanke gero, damin farko na gumbar sadakarka ne. Ta riga ta gaya wa liman. Hauyarka da ke soke a rufin ɗaki, wadda ba ta bari kowa ya taɓa, ta sauko da ita ta ba ƙanenka. Ba ta ƙara zuwa bakin hanya in ta ji kukan mota ba. Ni na gaje ta. Ko tuwo nake ci na ji kamyo, sai in tsame hannu in ruga. Ba na iya zama, ba na iya karatu, ko tsokanar ma ta fita raina. Kullum sai na bi ta gonarku na murza zangarniya in ga ko ta yi ƙwari, ina roƙon Allah ya jinkirta ta. Ka taɓa jin wanda ya sha fari yana roƙon gero ya yi jinkiri?

Ga wadda ta fi damuna. Ka san ba muryar da ba na iya kwaikwayo, taka kuwa tun muna makarantar allo nake amsa kiran malam da ita, a zane ka a bar ni. Idi da tela, waɗanda ba su gaisawa, sun haɗu a kan abu ɗaya: in yi kaset da muryarka, a ce daga Kano aka aiko. Idi ya ba da manyeto mai ɗaukar murya, tela ya sayi pil, wato batir. Na shiga tsohon rumbunmu da rana tsaka na gaida Gwaggo kamar yadda kake gaida ta, har da ɗan tarin nan naka kafin ka ce Inna. Da na maido na saurara, wallahi kai ne. Na fito rumbun da gudu kamar an biyo ni.

Kasetin na aljihuna, cikin wanda tela ya ɗinke. Ban ba ta ba. In na ba ta, za ta ci abinci, ta koma bakin hanya tana jira, wataƙila jiran wanda ba ya zuwa. In ban ba ta ba, zan zauna a miƙo mani gumbarka, ni da ban san ko kana wani wuri kana cin tsire ba. Kada ka bar ni da wannan zaɓi, ɗan Gwaggo. Kaina bai kai nan ba, ni na wasa ne.

In kunya ce ta riƙe ka don ba ka tara komai ba, ka zo haka nan. Ba wanda ya tara. In ba ka iya zuwa, ka samu manyeto ka yi magana da bakinka, ka faɗi abin da ni ban sani ba, wanda daga kai sai ita, don ta san ba ni ba ne. In kuwa ka zo, mu tafi da hauyarka har gaban Ɗan Tambai, mu ga ko Idi ke da gaskiya ko tela.

Allah ya sa wannan takarda ta same ka bisa ƙafafunka. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya sa damin farko na bana furar tarbonka za a dama da shi. Wanda ya karanta ya san inda kake, Allah ya ba shi ladar isarwa. Amin.

Tun muna yara kake ce mani bawanka ina ce maka bawana, ba a taɓa raba mu ba. To, na sauka, ni ne bawan. Amma faɗin takarda ba ya ƙirguwa, sai ka zo ka ji da kunnenka.

Ni ne naka,
Mati